Kwabo Mai Huji Da Zinariyar Sarki Faruk: Me Ke Sa Tsohon Kuɗi Ya Yi Tsada?

Ga shirinmu na wannan mako a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau maganar kuɗi za mu yi, amma kuɗin da ya daina saye a kasuwa. Kuɗin ƙarfe na da, irin wanda ake tsinta a ƙasan adakar kaka ko cikin tsohon gwangwani. Kusan kowannenmu ya taɓa jin labarin nan da ke zagayawa: wai akwai masu sayen kwabo mai huji miliyoyin naira, wai wani a gari kaza ya sayar da guda ɗaya ya gina gida. Ba ka taɓa ganin wanda ya gina gidan, kullum abokin ɗan uwan wani ne. Amma kuma da gaske ne akwai kuɗin ƙarfe guda ɗaya tak da aka saya kusan dala miliyan 19 a birnin New York a 2021. To ina gaskiya ta tsaya, ina ƙarya ta fara? Amsar tana cikin tarihi, kuma tana da daɗin ji.

Mu fara da abin da masu wannan harka suke fara dubawa, wato adadin bugu. Duk gidan buga kuɗi na gwamnati yana rubuta guda nawa ya buga na kowane irin kuɗi a kowace shekara. Idan a wata shekara an buga miliyan 100, a wata kuma an buga dubu 200, kowa ya san na dubu 200 ɗin zai fi wuyar samu. Wannan lissafi ba shi da wuya. Sai dai mutane sun daɗe suna tara tsofaffin kuɗi kafin su damu da shi. Masu tarawa na farko a Turai sarakuna ne da attajirai da malamai, kuma abin da ke jan hankalinsu shi ne fuskar sarkin Rum da ke jikin kuɗin da labarin zamaninsa. Ko a duniyar Musulmi, dinarin zinariya na Banu Umayya na shekarar 105 bayan Hijira, wanda aka rubuta a jikinsa cewa daga ma'adinin Amirul Muminina na Hijaz aka samo zinariyarsa, an saye shi fam miliyan 3.7 a Landan a 2011. Darajarsa ta zo ne daga abin da aka rubuta a jikinsa da kuma 'yan ƙalilan da suka rage a duniya.

Damuwa da adadin bugu a Amurka ta yi ƙarfi. A 1893 wani mai suna Augustus Heaton ya fitar da ɗan littafi yana jan hankalin masu tarawa zuwa ga ƙaramin harafin da ke nuna garin da aka buga kuɗi: S na San Faransisko, O na New Orleans, da sauransu. Kafin nan mafi yawa shekara kawai suke dubawa. Sai a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziƙin Amurka ya durƙushe, aka fara sayar da wani kwali mai ramuka, kowane rami na kuɗin shekara ɗaya da gari ɗaya. Talaka da yaro ɗan makaranta suka samu abin yi mai araha: ka duba canjin da aka ba ka a shago, ka cike ramukan. Duk ramin da ya ƙi cikuwa, shi ne kowa ke nema.

Misalin da ya fi shahara shi ne kwabon Amurka na 1909 mai hoton Abraham Lincoln. Wanda ya zana shi, Victor David Brenner, ya sa haruffan sunansa uku a bayan kuɗin. Jama'a suka yi ca, wai ya cika tallar kansa, cikin 'yan kwanaki aka cire haruffan. Kafin a cire, Filadelfiya ta riga ta buga kusan miliyan 28, San Faransisko kuwa 484,000 kacal. Kuɗi iri ɗaya, shekara ɗaya, bambancin harafi ɗaya ne ƙarami. Na Filadelfiya ana samunsa da 'yan daloli, na San Faransisko kuwa ko ya sha hannu ɗaruruwan daloli ne. A nan dai lissafin ya yi aiki yadda ake zato.

To amma ku ji inda yake karyewa.

A 1933 gidan buga kuɗi na Filadelfiya ya buga zinariya mai darajar dala 20 har guda 445,500. Wannan adadi bai kai a kira shi kaɗan ba. Da an sake su sun shiga hannun mutane, da yau kuɗi ne mai kyau amma ba abin mamaki ba. Sai dai a wannan shekarar bankunan Amurka suna ta rushewa, mutane suna kwashe zinariya suna ɓoyewa a gida. Sabon shugaban ƙasa Franklin Roosevelt ya ba da umarni a watan Afrilu cewa kowa ya miƙa wa gwamnati zinariyarsa a ba shi takarda. Saboda haka waɗannan 445,500 ba su fita a hukumance ba. An ware guda 2 aka kai gidan tarihi na Smithsonian, sauran aka narkar da su suka koma sandunan zinariya.

Haka dai aka rubuta a takarda. A zahiri wasu 'yan ƙalilan sun sulale ta bayan gida, suka bi ta hannun wani mai sayar da gwala-gwalai a Filadelfiya, suka shiga hannun masu tarawa. A 1944 jami'an tsaro suka farga, suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna ƙwacewa. Amma guda ɗaya ta riga ta tsallake teku. Sarki Faruk na Masar, wanda ya shahara da tara kayan alatu iri-iri, ya sayi ɗaya, kuma ofishin jakadancinsa ya nemi izinin fitar da ita a rubuce. Ma'aikatar kuɗi ta Amurka ta ba da izinin, 'yan kwanaki kafin a gano cewa kayan sata ne.

A 1952 sojoji suka hamɓarar da Faruk. A 1954 sabuwar gwamnatin Masar ta yi gwanjon kayansa a Alƙahira. Amurka ta roƙi a cire wannan zinariya daga gwanjon, aka cire, sai kuma ta yi ɓatan dabo. Shekara fiye da 40 shiru. A 1996 wani dillali ɗan Ingila ya kawo wata irinta otal ɗin Waldorf Astoria a New York zai sayar, ashe tarko aka ɗana masa, jami'ai suka kama shi da ita. Ana kyautata zaton ita ce ta Faruk. Aka shiga shari'a, aka ajiye zinariyar a wata ma'ajiya cikin rukunin gine-ginen cibiyar kasuwanci ta duniya. A watan Yulin 2001, bayan an sasanta, aka ɗauke ta zuwa Fort Knox. Wata biyu bayan nan aka kai harin 11 ga Satumba, ginin da ta zauna a ciki ya rushe.

Sulhun da aka yi shi ne a yi gwanjonta a raba kuɗin tsakanin gwamnati da dillalin. A 2002 aka saye ta dala miliyan 7.59. Abin dariya, sai da aka biya ƙarin dala 20 ga gwamnati, domin a mayar da ita halastaccen kuɗi a hukumance. A 2021 aka sake sayar da ita dala miliyan 18.9, farashin da ya kafa tarihi a gwanjon kuɗin ƙarfe.

Ga kuma ƙarashen da ya kamata ku riƙe. Iyalan wancan mai gwala-gwalai sun tarar da guda 10 irinta a akwatin ajiya na banki, suka kai wa gwamnati a 2004 don a tabbatar musu na gaske ne. An tabbatar, amma ba a mayar musu ba. Suka yi shari'a fiye da shekara 10, a 2017 kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙararsu. Guda 10 ɗin suna hannun gwamnati. Ƙarfe ɗaya, nauyi ɗaya, shekara ɗaya, amma ɗaya ta kai miliyoyi, goma kuwa ko sisi iyalan ba su samu ba. Me ya raba su? Takardar izinin nan ta 1944 da sulhun da ya biyo bayanta. Kun ga ke nan a wannan harka, tarihin hannayen da kuɗi ya bi yana iya fin ƙarfen kansa daraja.

A wannan shekarar dai ta 1933, Ingila ma tana da nata labarin, amma ta wata fuska. Bankuna sun cika da kwabbai har ba a buƙatar sababbi, saboda haka ba a buga na kashewa ba. Sai dai akwai al'adar binne kuɗin shekara a ƙarƙashin harsashin babban gini idan za a aza shi. Don haka aka buga 'yan ƙalilan, guda 6 ko 7. Uku aka binne, wasu aka kai gidajen tarihi. Labari ya bazu, yaran Ingila suka yi shekaru suna juya duk kwabon da ya shigo hannunsu ko za su ga 1933. A 1970 ɓarayi suka haƙa ƙarƙashin wani coci a yankin Leeds suka sace wanda aka binne a can. Da shugabannin cocin suka ga haka, sai suka sa aka tono na wani cocin aka sayar tun kafin a riga su. Na ukun yana ƙarƙashin ginin Jami'ar Landan. Ku lura da wannan: miliyoyin mutane sun yi ta neman abin da bai taɓa shiga canji ba tun farko.

Yanzu bari mu juya lissafin. Akwai kuɗin da aka buga kaɗan amma bai yi tsada ba. A 1950 gidan buga kuɗi na Denver ya buga kuɗin santi 5 guda miliyan 2.6, adadi mafi ƙanƙanta a jerin irinsa. Matsalar ita ce kowa ya ji labari da wuri. Dillalai da masu tarawa suka saye su buhu-buhu suka ɓoye, kowa yana jiran ranar da zai yi arziƙi. Da yake kowa ya ajiye, babu abin da ya ɓace. Yau ana samunsa sabo fil a kan kuɗi kaɗan. Abin da kowa ya san zai yi wuya, ba ya yin wuya.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo. Dalar azurfa ta New Orleans ta 1903 an buga ta fiye da miliyan 4, amma ba a ganinta a hannun mutane. Aka ɗauka an narkar da su lokacin yaƙin duniya na farko, sa'ad da Amurka ta narkar da daloli masu yawan gaske. Farashin sabuwa ya kai dala 1,500 a farkon shekarun 1960, kuɗi mai yawa a lokacin. A ƙarshen 1962 aka buɗe wata ma'ajiyar gwamnati da ta daɗe a rufe, sai ga su jaka-jaka. Cikin ɗan lokaci abin da ake saya 1,500 ya koma 'yan gomomin daloli. Wanda ya zuba jarinsa a kai ya kwana attajiri ya tashi da ƙarfen azurfa.

Idan muka haɗa waɗannan labarai, abu huɗu ne ke yanke farashi: guda nawa aka buga, guda nawa suka rage, mutum nawa ke nema, da kuma lafiyar jikin kuɗin. Ku duba da kyau, tsufa ba ya cikin jerin. Akwai kuɗin Rumawa na tagulla da ya haura shekara 1,600 ana sayar da shi kan kuɗin kwanon abinci, saboda ana tono su tuli-tuli. Akwai kuma kuɗin Ingila na fani 50 na 2009 mai hoton hasumiyar lambun Kew, wanda aka buga 210,000 kawai, ana sayensa fiye da fam 100 alhali bai kai shekara 20 ba.

To mu dawo gida, tunda a nan maganar ta shafe mu.

Kafin Turawa, kuɗinmu wuri ne. Kalmar kuɗi ma kanta jam'in wuri ce. Amma fatake suna hulɗa da wata babbar azurfa mai hoton wata mata, wadda ake kira liyari. Dalar Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa dala ɗaya tana daidai da wuri 2,500. Ta yi yawo daga Habasha da Sudan zuwa Borno da ƙasar Hausa, mata suna adon wuya da ita, maƙera suna narkar da ita suna yin mundaye da zobba. Har yau ana samunta a wasu gidaje.

Wanda ya tsinci liyari zai ga 1780 a jikinta, gabansa ya faɗi, ya ce ya samu abin da ya haura shekara 240. Ga gaskiyar magana: a 1780 matar ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga 1780 ake rubutawa, saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka wannan suka sani, shi suka yarda da shi. An buga ta a Vienna, an buga ta a Rum da Paris da Landan da Bombay a shekarun 1930 da 1940, kuma Ostiriya tana buga ta har gobe. Jimillarta ɗaruruwan miliyoyi ce. Mafi yawan liyarin da ke hannun mutane darajarsa ita ce ta azurfar jikinsa, giram 28 wanda kashi 83 cikin 100 azurfa ce. Kuɗi ne, ba a raina shi ba, amma ba ya gina gida. Shekarar da ke jikin kuɗi ba kullum take faɗin ranar haihuwarsa ba.

Sai kwabo mai huji. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara kawo kuɗin ƙarfe da aka buga musamman domin wannan yanki: kwabo, da kuma anini, wanda goma suke yin kwabo ɗaya. Sun yi anini ne saboda cinikin yau da kullum na kasuwanninmu ƙanana ne, wuri ke biyan sa, kwabo ya yi masa girma. Aka huda tsakiya domin a zura a igiya. Aka sa tauraro mai tsini shida, aka rubuta darajar kuɗin da harafin Larabci, domin shi ne rubutun da mutanenmu ke karantawa. Aninin 1907 da alminiyam aka yi shi, irin ƙarfen tukwanen nan marar nauyi, kuma yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe domin kashewa. Bai jure ba, yana saurin cin jiki, a 1908 aka sauya ƙarfen. Na farkon suna ɗauke da sunan Najeriya tun kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta riƙa samar da kuɗi ɗaya ga Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Daga 1913 aka shigo da taro da sisi da sule da fataka.

Waɗannan sunaye suna bakinmu har yanzu. Muna cewa ba ni da ko anini, ba ni da ko sisin kwabo. Muna kiran tauraron kafaɗar hafsan soja anini. 'Yan uwanmu na Nijar suna lissafin sefa da dala. Da yawa daga cikinmu muna faɗin kalmomin ba mu taɓa riƙe abin a hannu ba.

Ga labarin da na fi so a wannan babi. A watan Janairun 1936 Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila. A watan Disamba na wannan shekarar ya sauka, saboda ya nace sai ya auri wata bazawara 'yar Amurka, gwamnati da coci suka ƙi. Bai cika shekara ba. A Ingila an shirya fara buga kuɗi mai hotonsa a farkon 1937, sai ya sauka kafin ranar, aka soke komai. 'Yan samfurin gwaji kawai suka rage. Ɗaya daga cikinsu, zinariya mai darajar fam ɗaya, an saye ta fam miliyan 1 a 2020.

Amma a nan wajenmu fa? Kwabonmu yana da huji a tsakiya, babu wurin hoto, suna kawai ake rubutawa. Saboda haka ba a jira mai zane ba, aka buga kwabo da sisin kwabo da anini masu sunan Edward na Takwas, miliyoyi, aka turo. Haka aka yi wa Afirka ta Gabas da Fiji da Niyu Gini. Wato sarkin da Baturen Landan bai taɓa kashe kuɗinsa ba, kakanninmu sun sayi goro da ƙuli-ƙuli da kwabonsa a Kurmi. Wannan ya sa masu tarawa a duniya suke son kwabon 1936, domin shi ne hanya mafi sauƙi ta mallakar kuɗi mai sunan wannan sarki. Kuma dalilin sauƙin shi ne yawansa. Ana sayar da shi kan 'yan fam kaɗan. Suna ɗaya ne a jikin zinariyar fam miliyan da kuma kwabon cikin gwangwanin kaka. Yawa ne ya raba su.

Shin babu masu wuya ke nan a cikin namu? Akwai. An buga kuɗin Afirka ta Yamma a wurare daban-daban, kuma ana gane su da ƙaramin harafi: H da KN na kamfanoni biyu ne a Birmingham, SA na Pretoria a Afirka ta Kudu, wanda babu harafi kuma na gidan buga kuɗin sarauta ne a Landan. Wata shekarar a wani gidan an buga kaɗan, masu tarawa suna biyan ƙari a kai. Akwai kuma na kuskure, kamar kwabon 1936 da aka haɗa fuska ɗaya ta Afirka ta Gabas da ɗaya ta Afirka ta Yamma. Irin waɗannan suna da daraja ta gaske, musamman idan ba su sha hannu ba. Sai dai kafin ka tsinci ɗaya za ka juya kwabbai masu yawa, kuma farashinsu a rubuce yake a kundayen masu harkar, ba a bakin wani dillalin tasha ba.

A nan ne nake son mu tsaya mu yi wa juna gaskiya, 'yan uwana matasa. Zaman rashin aiki ya sa duk labarin arziƙin dare ɗaya yana samun kunnen saurare. 'Yan damfara sun san haka. Salonsu tsoho ne: wani ya zo yana neman kwabo na shekara kaza, ya ce maigidansa zai biya miliyoyi. Bayan kwana biyu wani daban ya ɓullo da irin kwabon, yana neman kuɗi kaɗan saboda wai matsuwa ta same shi. Kai kuma ka ga riba a fili, ka sayar da waya ko babur ka saya. Daga ranar lambar mai saye ta daina shiga. Wani salon kuma a ce akwai wani sinadari a cikin kwabon, sai ka biya kuɗin gwaji. Babu wani sinadari. Tagulla ce da nikel, an san abin da aka zuba tun ranar da aka buga. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai saye na gaskiya ba ya cewa ka fara biyan sa.

Idan akwai tsofaffin kuɗi a gidanku, ga abin da ya dace. Na farko, kada ku wanke, kada ku goge da toka ko lemun tsami ko yashi. Gogewa tana kashe darajar kuɗi a idon masu tarawa, sun fi son sa da duhunsa na asali. Na biyu, ku riƙe shi ta gefe, ku duba shekara da sunan sarki da ƙaramin harafin nan, ku ɗauki hoton fuska biyu. Na uku, ku nemi adadin bugunsa a intanet, akwai kundaye na kyauta, sannan ku duba farashin da aka riga aka sayar da irinsa a gwanjo. Farashin da wani ya rubuta yana fata ba hujja ba ne, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci a wajena, ku tambayi tsohon da ya ajiye shi. A ina ya samu? Me ake saya da shi? Sadakin wa aka biya da irinsa? Harajin shekara sule nawa ne? Ku naɗi muryarsa a waya.

Dalilin da ya sa na ce wannan ya fi muhimmanci shi ne, duk labaran da na ba ku yau mun same su ne saboda wasu sun rubuta. An san hannayen da zinariyar 1933 ta bi saboda akwai takarda a kowane mataki. Mu kuwa kuɗinmu yana ɗauke da tarihinmu, muna zubar da shi. Kuɗin Tarayyar Najeriya na 1959, shekarar da Babban Banki ya fara aiki, yana da auduga da koko da kwakwar manja a jikinsa. Da aka koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairun 1973, kwabo 25 ya zo da dalar gyaɗa, kwabo 1 kuma ya zo da rijiyar man fetur. Ka ajiye waɗannan biyun kusa da juna a tafin hannunka, ka ga labarin tattalin arziƙin ƙasar nan gaba ɗaya: abin da muka bari da abin da muka kama. Yaron da aka haifa bayan 2007, lokacin da aka fitar da kwandalolin ƙarshe, da wuya ya taɓa sayen wani abu da kuɗin ƙarfe. Babban Banki yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja, wanda ya samu dama ya leƙa. Amma gidan tarihi ɗaya ba zai riƙe abin da ke cikin adakokin dubban gidaje ba.

Kwabon kakarka mai yiwuwa ba zai saya maka ko katin waya ba. Amma an buga shi a Birmingham, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, ya bi hannun manomi da ɗan dako da mai fura da mai karɓar haraji kafin ya kwanta a gwangwani. Waɗanda suka san wannan hanya da bakinsu suna ƙarewa a gabanmu, kuma su ba a sake buga su.

Wanda yake da tsohon kuɗi a gida ya turo mana hotonsa tare da abin da dattawan gidan suka faɗa a kansa, za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin sayar da babur ɗinsa saboda kwabo mai huji.